Mai COPD ya zo da nimoniya: wace lamba ce ke shiga gaba?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar CCS ne, wato ta ƙwarewar masu sa wa cututtuka lamba a fayil ɗin asibiti a Amurka, kuma wani misalin atisaye ya tsaya mini a wuya. Dattijo ne mai shekara 68, ya daɗe da COPD, wato ciwon nan na toshewar hanyoyin numfashi da ba ya warkewa, kuma har yanzu yana shan sigari. An kawo shi da zazzaɓi, tari, kaki mai kore da haki. Hoton ƙirji ya nuna cuta a ɓangaren ƙasa na huhun dama. Oksijin ɗinsa 86 cikin ɗari lokacin da ya iso, aka sa masa iskar oksijin lita huɗu. An ba shi antibayotik ceftriaxone da azithromycin ta jijiya, da maganin shaƙa, da prednisone, wato sitiroyid. A takardar sallama likita ya rubuta abu biyu kawai: COPD ya tashi, da nimoniya a ƙasan huhun dama. Gwajin kaki kuma ya fito da ƙwayar bakteriyar Klebsiella, amma likitan bai ce komai a kai ba. Wace lamba zan sa a farko a ICD-10-CM, littafin lambobin cututtuka na Amurka?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Zainab, J44.0 ke gaba, wato COPD tare da cutar ƙasan hanyar numfashi, sai J18.9 ta nimoniyar da ba a faɗi musabbabinta ba ta biyo, sannan J44.1 saboda an rubuta cewa ciwon ya tashi. Coding Clinic (littafin shawarwari kan sa lamba da ke fitowa duk wata uku) na zango na uku na 2016 ya fayyace cewa nimoniya tana cikin cututtukan ƙasan hanyar numfashi da J44.0 ke nufi. Kada ki ji tsoron haɗa J44.0 da J44.1 a fayil ɗaya, littafin ya yarda.

Anti Rabi: Malam, lambobin da ka kawo duk daidai ne, amma maganar cewa dole J44.0 ta zo farko ta daina aiki tun 1 ga Oktoba 2017. A da umarnin da ke ƙarƙashin J44.0 shi ne "use additional code", wanda ke tilasta a fara da ita, lambar cutar da ta shiga huhun ta biyo baya. Daga wannan ranar aka mayar da shi "code also", shi kuma ba ya tsara wa kowa jeri. Yanzu abin da ke yanke hukunci shi ne dalilin kwantar da mutumin. Ma'anar babbar cuta a ƙa'idar UHDDS, tsarin bayanan sallamar marasa lafiya na asibitocin Amurka, ba ta sauya ba: ita ce wadda, bayan an gama bincike, aka tabbatar ita ce musabbabin kwantar da mara lafiya a asibiti.

Malam Sani: Na san da sauyin, Hajiya. Amma ki duba sashe na II.C na ƙa'idojin ICD-10-CM: idan cuta biyu suka cika sharaɗin zama babbar cuta daidai wa daida, kowacce aka sa a gaba ta halatta. Wannan dattijon duka biyun ya zo da su, duka biyun an yi masa magani. To me zai hana ni fara da J44.0?

Zainab: Idan duka sun halatta, me ya sa ake ta gardama a kai? Ba lambobin ɗaya ba ne za su hau takardar?

Kabiru: Ƙanwata, kuɗi ne. A tsarin MS-DRG na Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, wanda ke kasa marasa lafiya rukuni-rukuni (DRG) don biyan asibiti, idan J44.0 ce a gaba, J18.9 tana zama babbar matsala ta biyu, wadda ake kira MCC, fayil ya faɗa DRG 190. Idan kika juya, J18.9 ta hau gaba, J44.0 da J44.1 matsayin CC kawai suke da shi, wato matsala ta biyu da ba ta kai MCC ba, sai ki sauka a DRG 194. Na farkon ya fi na biyun nauyi, asibiti ya fi samun biya. Mara lafiya ɗaya, gado ɗaya, allura ɗaya, amma jerin lamba ya sauya abin da za a biya. Shi ya sa masu binciken kamfanonin inshora suke sa wa wannan haɗin ido sosai.

Anti Rabi: Kuma a nan ne nake da ja da Malam Sani. Kalmar "daidai wa daida" ba ado ba ce a cikin ƙa'idar. Kafin mutum ya fake da II.C sai ya nuna daga fayil cewa kowacce daga cikin biyun, ita kaɗai, da ta isa a kwantar da mutumin. Ku dubi maganin da aka ba shi. Antibayotik biyu ta jijiya, wannan na nimoniya ne, kuma shi ne irin maganin da ke buƙatar gado. Na COPD ɗin fa? Ƙwayar prednisone ta baki da maganin shaƙa. Mutane da yawa ana ba su wannan a sallame su gida a ranar. Da a ce an rubuta cewa ƙirjinsa na ta shewa, ana ba shi maganin shaƙa kowace awa biyu ko uku, an sa masa methylprednisolone ta jijiya, to da sai in ce sun yi kunnen doki. A yadda Zainab ta kawo misalin, ni nimoniya nake gani a gaba. Mai bincike ba zai tambaye ka ko littafi ya ba ka dama ba, zai buɗe takardar magunguna ne ya ce nuna mini.

Malam Sani: Ba mu ne ke auna nauyin magani ba, Hajiya. Mu masu sa lamba ne, ba likitoci ba. Idan na fara cewa wannan magani ya isa kwantarwa wancan bai isa ba, na shiga gonar da ba tawa ba.

Anti Rabi: Ƙa'idar da kanta ta ce a duba yanayin kwantarwa, binciken da aka yi da maganin da aka bayar. Ba gano cuta nake yi ba, karanta abin da aka yi nake. Idan kuma bai fito fili ba, akwai hanya: a tambayi likitan.

Likita Bashir: To ga likitan ya zo, tun da an ambace mu. Ina aikin kula da marasa lafiyar da aka kwantar a wani asibiti a Amurka, kuma gaskiya akwai ranar da takardun neman ƙarin bayani suke fin marasa lafiyata yawa. Bari in faɗa muku yadda abin yake daga gefen gado. Mai COPD da ya kamu da nimoniya kusan kullum ciwonsa na asali ma sai ya motsa. Alamomin tashin COPD da muka sani tun aikin Anthonisen na 1987 su ne ƙarin haki, ƙarin yawan kaki, da kakin ya koma mai ruwan mugunya. Nimoniya ma da su take zuwa. Ƙarfe uku na dare a ɗakin gaggawa ba wanda ke zama yana raba wanne ne ya kawo mutum. Duka muke yi wa magani. Idan kuka ce in zaɓi ɗaya, sau da yawa amsar gaskiya ita ce duka biyun.

Anti Rabi: Ranka ya daɗe, idan ka rubuta "duka biyun" da dalilinka, ka gama mana aiki, Malam Sani ya yi nasara, ni ma na samu abin da zan kare fayil da shi. Matsalar ita ce ba a rubutawa. Layi biyu ake bar mana.

Likita Bashir: Wannan na karɓa. Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a misalin Zainab ba jerin ba ne. Mutum ya iso da oksijin 86 ba tare da an sa masa komai ba, yana haki, har sai da aka ba shi lita huɗu. Idan ba mai amfani da oksijin a gida ba ne, ni a wurina wannan gazawar numfashi ce ta farat ɗaya. Ma'aunin da yawancinmu ke bi shi ne pO2 (oksijin a jini) ƙasa da 60, ko pCO2 (carbon dioxide a jini) sama da 50 tare da pH (ma'aunin tsamin jini) ƙasa da 7.35, haɗe da alamun wahalar numfashi a jiki. Likitan da ke cikin misalin ya yi maganinta, bai dai kira ta da sunanta ba.

Zainab: To ke nan in ƙara J96.01, lambar gazawar numfashin, Likita?

Kabiru: A'a, kada ki kuskura. Likita Bashir ba shi ne likitan fayil ɗin ba, ke ma ba ke ba ce. Adadi a takardar nas ba ya zama cuta sai mai kula da mara lafiyan ya rubuta. Abin da za ki yi shi ne ki tura tambaya. Haka ma Klebsiella ɗin nan. Sakamakon ɗakin gwaji ba ya ba ki J15.0, lambar nimoniyar Klebsiella. Kaki yana bi ta baki kafin ya shiga kwalba, kuma masu COPD da yawa suna ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanyar numfashinsu ba tare da su ne suka kwantar da su ba. Sai likita ya ce nimoniyar nan Klebsiella ce ta haddasa ta. Kafin nan J18.9 ce.

Ga wani abin dariya kuma ga masu bin kuɗi. Da zarar J96.01 ta shiga, lissafin da na yi ɗazu ya kife. Ita ma MCC ce. Nimoniya a gaba tare da ita DRG 193 ne, wanda ya fi 190 nauyi. Idan kuma likita ya tabbatar da Klebsiella, fayil ya bar rukunin nimoniya mai sauƙi gaba ɗaya ya koma 177 zuwa 179. Wanda ya haddace "COPD a gaba ya fi" ba tare da ya fahimci dalili ba, ranar nan zai yi wa asibitinsa asara kuma ya yi kuskuren lamba a lokaci guda.

Malam Sani: Kuma gazawar numfashin ita kanta tana iya zama babbar cuta, DRG 189, idan da ita ya zo kuma yanayin kwantarwar ya nuna haka. Kun ga yanzu 'yan takara uku ne ba biyu ba.

Zainab: Kaina ya fara juyawa. Anti, yaya ake rubuta tambayar? A ajinmu an ce akwai tambayar da ke jawo wa mutum matsala.

Anti Rabi: Akwai. AHIMA da ACDIS, ƙungiyoyin ma'aikatan bayanan asibiti na Amurka, suna da takardar ƙa'ida a kan wannan, an sabunta ta a 2022. Abu biyu ne ba a yi: ba a jan likita zuwa amsar da ake so, kuma ba a ambaton kuɗi ko DRG ko kaɗan. Ba za ki rubuta "Likita, wannan ai gazawar numfashi ce, don Allah ka rubuta" ba. Za ki jero abin da ke cikin fayil ne da ranakunsa: oksijin 86 a iskar ɗaki lokacin isowa, numfashi kaza a minti, lita huɗu ta hanci, nas ta rubuta ba ya iya kammala jimla. Sai ki ce, wace cuta ce, idan akwai, waɗannan alamomi da wannan magani suke nunawa? Ki ba shi zaɓi masu ma'ana: gazawar numfashi ta farat ɗaya, ƙarancin oksijin kawai ba gazawa ba, wani abu daban da zai bayyana, ko ba zai iya tantancewa ba. Duk wanda ya zaɓa, shi za ki bi, ko da ba shi kika so ba.

Ta Klebsiella ma haka. Ga sakamakon, ga maganin da aka bayar, shin yana da alaƙa da nimoniyar, ko zaman ƙwayar ne kawai a hanyar numfashi, ko gurɓatar samfur?

Likita Bashir: Irin wannan tambayar ba ta ɓata mini rai. Wadda ke ɓata mini ita ce ta bayan sati uku da sallama, lokacin da na manta fuskar mutumin. Ku riƙa tambaya yana kan gado, don Allah.

Nura: Sannunku manya. Ni a asibitin je-ka-ka-dawo nake aiki, ba ruwana da DRG, amma ina da abin da zan ƙara wa Zainab don jarrabawa tana son wannan tarkon. Idan likita ya rubuta "mai yiwuwa nimoniya ce" ko "ana zargin nimoniya" a takardar sallamar wanda aka kwantar, ana sa lambar kamar an tabbatar, sashe na II.H. A wurinmu kuwa haramun ne, sashe na IV.H ya hana. Sai dai mu sa abin da aka tabbatar da alamomin da aka gani, kamar R50.9 ta zazzaɓi. Kuma idan nimoniyar ba ta tabbata ba, J44.0 ma ba ta da ƙafar tsayawa sai in akwai wata cutar kamar mashaƙo na farat ɗaya (acute bronchitis), J20.9.

Kabiru: Da sharaɗi a ɓangaren kwantarwar, Nura: sai zargin ya kai har ranar sallama. Idan a rana ta farko aka ce ana zargi, daga baya maganar ta ɓace daga rubutu, aka tsayar da antibayotik a rana ta biyu, ba za ka ɗauko ta ba. COVID-19 kuma ba ta cikin wannan sassaucin, sai wadda aka tabbatar. Idan ita ce ta kawo nimoniyar, U07.1 ta COVID-19 ce farko, sai J12.82 ta nimoniyarta, sannan J44.0.

Zainab: Wata tambayar. Tun da an ce ɓangaren ƙasa na huhun dama, ba J18.1 ba ce, nimoniyar da ta kama sashe guda na huhu? Wata abokiyar karatuna haka ta sa.

Malam Sani: Abokiyarki tana karanta tsohon bayani. Coding Clinic ya taɓa ba da wannan shawarar a 2018, likitoci suka yi ca a kai, aka janye ta a zango na uku na 2019. Ambaton wurin da cutar take ba ɗaya ba ne da ambaton nau'inta. Sai likita ya kira ta da wannan sunan kafin ki taɓa J18.1.

Hajiya Mairo: Ina biye da ku tun ɗazu. Ba wanda ya taɓo nimoniyar da ke zuwa idan abinci ko amai ya faɗa hanyar iska, alhali tsofaffi masu COPD suna yawan samunta, musamman wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ko mai matsalar haɗiya. Lambarta J69.0, kuma ba ta tafiya da J44.0. Coding Clinic na zango na farko na 2017 ya ce ba ta cikin rukunin cututtukan da J44.0 ta ƙunsa, domin littafin ya ajiye ta a sashen cututtukan huhu da wani abu daga waje ya jawo. Haka ma wadda ake samu a kan na'urar taimaka wa numfashi, J95.851. A irin wannan sai ki sa J69.0 da J44.9 ta COPD zalla, ko J44.1 idan an ce ciwon ya tashi.

Likita Bashir: Hajiya, wannan a likitance yana mini wani iri. Abin da ya faɗa huhu daga baki cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma antibayotik muke bayarwa. A ce ba cutar ƙwayoyi ba ce?

Hajiya Mairo: Ba a ce ba ita ba ce a jikin mutum, Likita. Tsarin rarrabawa ne ya ajiye ta a wani gida. Idan ka ga akwai nimoniyar bakteriya a kan ta shaƙewar, ka rubuta su biyun a fili, mu kuma mu sa lamba biyu, J44.0 ta dawo.

Likita Bashir: To ga tawa tambayar gare ku duka. Kun ce ba ku sa komai sai na rubuta. Na rubuta gazawar numfashi, kun sa lamba, bayan wata shida kamfanin inshora ya aiko cewa bai yarda ba, wai lita biyu kawai aka ba mutumin. Maganar wa ke aiki ke nan, tawa ko tasu?

Anti Rabi: Ciwon kanmu ke nan kullum. Ƙa'ida ta I.A.19, wadda ta shigo a Oktoba 2016, ta ce sa lamba yana dogara ne da furucin likita cewa cutar tana nan, ba da ma'aunin da ya bi ba. Wannan ya kare mai sa lamba. Bai hana mai biya ya ce a nuna masa hujja a jikin fayil ba. Shi ya sa kalmar kaɗai ba ta wadatar. Idan ka rubuta cutar, ka ɗora mata abin da ka gani: numfashi nawa a minti, yana amfani da tsokar wuya, oksijin nawa kafin a sa masa iska, nawa yake sha a gida idan yana sha. Wanda ke kan lita biyu a gida dama, aka same shi a kan lita biyu a asibiti, ba abin da ya sauya, J96.11 ce ta gazawar da ta daɗe, da Z99.81 ta dogaro da oksijin, idan an rubuta. Wanda ya tashi daga biyu zuwa shida yana haki, wannan J96.21 ce, ta farat ɗaya a kan wadda ta daɗe, kuma ba mai ƙwace ta idan rubutun ya nuna tafiyar. Abin da ke kashe mu shi ne a rubuta gazawar numfashi a sama, a ƙasa kuma wajen duba jiki a bar rubutun jiya da aka kwafo mai cewa yana numfashi lafiya ba wahala.

Likita Bashir: Wannan kwafe-kwafen laifin kwamfuta ne rabi, namu rabi.

Malam Sani: Har yanzu dai ban sauka daga matsayina ba a kan II.C. Idan fayil ya nuna an yi wa duka biyun aiki sosai, zaɓar wadda ta fi nauyi ba zamba ba ce, ƙa'ida ce ta bayar. Sai dai in ƙara abin da masu kallon kuɗin yau ke mantawa: lambar farko tana bin asibiti. Shirin Medicare na rage komowar marasa lafiya cikin kwana 30 yana ƙirga nimoniya, yana ƙirga COPD ma tun shekarar kuɗi ta 2015, kuma tarar tana kaiwa kashi 3 cikin ɗari. Duk inda ka tura fayil, can za a ƙirga shi idan mutumin ya dawo.

Anti Rabi: A kan "idan fayil ya nuna" ba mu da saɓani, Malam. Na Zainab ne na ce bai nuna ba.

Zainab: To ga abin da na rubuta kafin amsar tambayoyi ta dawo: J18.9, J44.0, J44.1, sai F17.210 ta sigari, dukansu da alamar Y cewa da su ya zo. Tambaya biyu ga likita, ta oksijin da ta Klebsiella. Akwai abin da na bari?

Kabiru: Duba jerin magungunansa na gida. Idan yana kan maganin shaƙa mai sitiroyid na dogon lokaci, akwai Z79.51, kuma tana da amfani a nan tun da an san irin wannan maganin yana ƙara haɗarin nimoniya ga masu COPD. F17.210 kuma ki tabbata sigari aka ce. Idan ya daina sha, Z87.891 ce.

Hajiya Mairo: Ki kuma leƙa ko an ambaci sefsis, wato cutar ƙwayoyi da ta game jiki, a wani wuri, ko da a rubutun ɗakin gaggawa ne. Idan da ita ya zo kuma likitan da ya kwantar da shi ya tabbatar, A41.9 ce za ta hau gaba, nimoniya da COPD su biyo ta. Idan sau ɗaya aka ambace ta ba a sake ba, tambaya ta uku ke nan.

Zainab: Ba a ambata ba, Hajiya, na sake dubawa. Maganin gida kuwa akwai fluticasone da salmeterol, don haka na ƙara Z79.51. Misali na gaba mai asma ne da COPD a tare, zan buɗe masa zare daban bayan Magariba.